Manhaja ba za ta yi miki magana da ƙanen mijinki ba

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan ƙaramin kamfani na share-share da goge-goge a ofisoshi. Ma'aikatana goma sha ɗaya ne, muna da kwantiragi a wurare biyar, wasu da sassafe kafin a buɗe ofis, wasu da yamma bayan an tashi. Jadawalin aiki a guruf ɗin WhatsApp nake turawa, awannin kowa kuma shugaban ma'aikata ne ke rubutawa a littafi. Duk ƙarshen wata sai an yi rigima: wannan ya ce an ci masa awa huɗu, wancan ya ce bai ga saƙon canjin wuri ba. Har masu ofis sun taɓa kira na cewa babu wanda ya zo. Na san wanda ya fi kowa makara, ƙanen mijina ne, kuma ina zargin wani yana sa masa hannu. Na ga wata manhaja da ke nuna inda kowa yake a taswira duk tsawon yini, tana kuma ɗaukar hoton fuska lokacin shiga da fita. Da na faɗa musu a taro, shugaban ma'aikatan, wanda dattijo ne da muka fara kamfanin tare, ya ce in dai ya zama abin bibiya gara ya ajiye aikin. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wace manhaja ce ta fi, kuma wanda ya ƙi sakawa in sallame shi?

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara buɗi a sana'a.

Ki nemi manhaja, domin kamfani mai mutum goma sha ɗaya da wurare biyar ya wuce a riƙe shi da littafi ɗaya da guruf. Amma kada ki ɗauki mai bin sawun mutane yini guda, kuma kada ki sallami kowa a kan wannan maganar.

Wasiƙarki ta ɗaure matsaloli uku a ƙulli ɗaya. Akwai jadawalin da ke ɓacewa cikin saƙonni, akwai lissafin awannin da babu wanda ya yarda da shi, sannan akwai mutum guda da kika san yana makara amma bakinki ya yi nauyi a kansa saboda dangantaka. Biyun farko aikin manhaja ne, kuma tana yin su da kyau. Na ukun ke ce za ki yi shi da bakinki. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: a ganina kin nemo na'urar da za ta kama ƙanen mijinki ba tare da an ce ke kika kama shi ba, kuma don a kama shi ɗin za a sa wa mutum goma ido. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Ma'aikatanki sun fi ki sanin wanda ke makara, tunda su ke yin nasa rabon in bai zo ba. Da kika tashi a taro da maganar taswira, abin da ya shiga kunnensu shi ne an ga mai laifi an kau da kai, an dawo kan kowa.

Wannan bai sa dattijon ya yi daidai gaba ɗaya ba. Rubuta lokacin shiga da fita ba cin fuska ba ne, kuma tsohon abu ne. Tun 1888 wani mai sana'ar kayan ado a jihar New York ta Amurka, Willard Bundy, ya ƙera agogon da kowane ma'aikaci ke zura nasa mabuɗin mai lamba ya buga lokacin zuwansa a takarda, kuma kamfanin da ya taso daga wannan agogon yana cikin waɗanda aka haɗe a 1911 suka zama abin da aka raɗa wa suna IBM a 1924, babban kamfanin kwamfutar nan. Abin da zai fi miki amfani idan kika zauna da mutanenki shi ne na baya-bayan nan. A watan Mayun 2019 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa dole ƙasashen tarayyar su wajabta wa masu ɗaukar aiki su kafa hanyar auna awannin da kowane ma'aikaci ya yi a kullum. Ƙungiyar ƙwadago ce ta Sifaniya ta kai ƙarar, a kan wani banki, kuma hujjar da kotun ta karɓa ita ce in babu rubutu ma'aikaci ba shi da yadda zai tabbatar ya yi ƙarin lokaci. Maganarsa ce kawai a gaban ta maigida, an kuwa san wadda ke rinjaye. Yaron nan naki da ya ce an ci masa awa huɗu a wannan halin yake. Ta yiwu gaskiya ya faɗa, ta yiwu a'a, kuma ke ma ba ki da yadda za ki raba gardamar.

Manhajojin nan iri biyu ne, mutane da yawa kuma suna sayen wadda ba tasu ba. Akwai waɗanda aka yi don masu aikin tebur da ke cajin abokin ciniki da awa, irin lauyoyi da masu zane: mutum ya danna agogo ya fara aikin wane, ya tsayar, ya koma na wane. Toggl Track da Harvest daga nan suka fito, Clockify ma asalinta ke nan ko da yake ta ƙara wasu abubuwa daga baya. Wasu a wannan ɓangaren, kamar Hubstaff, har hoton allon kwamfutar ma'aikaci suke iya ɗauka, abin da babu ruwansa da mai goge gilashi. Iri na biyu an yi su ne don masu aikin karɓa-karɓa: a tsara wa zai je ina da ƙarfe nawa, a tura masa a waya, ya danna shiga in ya isa, ya danna fita in ya gama, manhajar ta gwada abin da aka tsara da abin da ya faru. Deputy da When I Work da Homebase da Connecteam suna cikin waɗannan, kuma a nan naki yake. Ba zan ware ɗaya in ce ita ta fi ba, domin abin da ke cikin kowane tsari da yadda ake biyansa yana canzawa, wasu ma an gina su ne a kan dokokin albashi na ƙasa guda. Wasu a kan kowane ma'aikaci suke caji, wasu a kan kowane wurin aiki, don haka mai wurare biyar da mutum goma sha ɗaya sai ta yi lissafin duka biyun kafin ta zaɓa.

Yawancinsu suna ba da lokacin gwaji kyauta. Kada ki yi gwajin da wayarki, ki yi shi da waya mafi rauni a cikin na ma'aikatanki, wadda wurin ajiyarta ya cika kuma batirinta ba ya kai yamma. Ki kashe data ki danna shiga, ki ga ko za ta riƙe lokacin ta tura shi in sabis ya dawo, domin masu shara suna yawan fara aiki a ɗakin ƙasa ko bayan gini inda sabis ba ya kamawa. Ki duba ko ma'aikaci zai iya ganin awanninsa da kansa a kowace rana, ba sai ƙarshen wata ba. Ki gyara wani lokaci da gangan, ki ga ko za ta nuna wanda ya gyara da lokacin da ya gyara da abin da ke wurin tun farko. Manhajar da ke bari mai kamfani ya canza lokaci ba tare da alama ba, littafin nan ne dai da kuke rigima a kansa aka mayar cikin waya. Sannan ki tabbata za ki iya fitar da bayananki zuwa Excel duk ranar da kika so barin ta.

Amma aikin gaske yana gaban sayen manhaja, kuma a takarda ake yin sa. Manhaja ba ta san dokar kamfaninki ba. Minti take ƙirgawa, ke ce za ki gaya mata me mintin yake nufi, in kuwa ba ki gaya mata ba za ta yi amfani da abin da masu ita suka saka mata tun daga can. Ina kyautata zaton rabin rigimarku ta ƙarshen wata a kan ƙa'idar da ba a taɓa faɗa ba ce, kowa yana lissafi da tasa. Mutumin da ya gama ofis na farko ƙarfe takwas ya isa na biyu takwas da minti arba'in, minti arba'in ɗin nan na hanya aiki ne ko ba aiki ba? Shi yana ƙirga su, dattijon wataƙila ba ya rubuta su, ga awa huɗunki nan cikin mako ɗaya ko biyu. A ƙasashe da dama tafiya daga wurin aiki zuwa wani wurin aiki a cikin yini ɗaya lokacin aiki ce a doka, saɓanin fitowa daga gida, don haka ki duba dokar ƙwadagon ƙasarki kafin ki yanke. Wanda ya isa a kan lokaci ya tarar mai gadi bai zo da mabuɗi ba ya tsaya rabin awa a ƙofa, wa zai ɗauki asarar? Hutu a tsakiyar aiki ana biya ko ana cirewa? Wanda ya wuce lokacinsa don aikin bai ƙare ba, sai ya nemi izini kafin ya ci gaba ko ya gama ya faɗa daga baya? Wanda ya manta bai danna fita ba, wa zai gyara, kuma zuwa yaushe? Minti nawa ne makara? Ki rubuta amsar kowace a layi ɗaya ko biyu, duka kada su wuce shafi guda.

Akwai tarko biyu a lissafi da nake so ki sani, domin suna cin haƙƙin mutane ba tare da kowa ya yi niyya ba. Na farko shi ne zagaye lokaci. Manhajoji da yawa suna da zaɓin mayar da lokaci zuwa kwata mafi kusa, wato wanda ya shiga shida da minti bakwai a rubuta masa shida, wanda ya shiga shida da minti takwas a rubuta shida da kwata. In ana yin haka ta ɓangare biyu, yau a ci gobe a rama, da sauƙi. In kuwa an saita shi kullum kamfani ke cin riba, shiga a tura gaba fita a ja baya, to minti bakwai sau biyu a rana cikin kwana 26 ya zama minti 364, sama da awa shida a wata daga mutum ɗaya. An ƙirƙiro zagayen ne lokacin da akawu ke tara lambobi da hannu. Yanzu da na'ura ke tarawa babu dalilinsa, ki kashe shi ki biya minti da minti. Na biyu shi ne ɗigo. Awa bakwai da minti arba'in da biyar a lissafin albashi 7.75 ne, ba 7.45 ba. Duk wanda ya kwafe 7.45 zuwa Excel ya ninka da kuɗin awa ya zaftare wa ma'aikaci minti goma sha takwas a ranar. Ki duba tsofaffin lissafinku, kada ki yi mamaki in kika tarar da wannan a ciki.

Yanzu jadawali. Laifin WhatsApp a nan ɗaya ne: ba shi da wurin da ake kira "jadawalin yanzu". Kin tura na Litinin, kin gyara shi Laraba da saƙon murya, wani ya yi musaya da wani a asirce, saƙo sittin na gaisuwa da barkwanci sun binne duka. Wanda ya ce bai ga canji ba ta yiwu bai gani ɗin ba. Manhaja tana warware wannan ne kawai in ta zama ita kaɗai ce wurin gaskiya. Daga ranar da kika fara, abin da ba ya cikinta bai faru ba, kuma wannan dokar ke za ta fi takurawa, domin ke ce mai saurin ɗaukar waya ki ce wane je ka wuri kaza. Guruf ya zauna don sanarwa da zumunci. Ki kunna zaɓin da ke sa ma'aikaci ya danna ya nuna ya ga dutinsa, ki kuma kunna wanda ke sanar da ke ko dattijon in minti goma ko sha biyar sun wuce babu wanda ya danna shiga a wani ofis. Wannan ƙaramin abin shi ne maganin kiran da masu ofis suka yi miki. Kin ga kuwa bai buƙaci sanin inda kowa yake da tsakar rana ba.

Ki riƙa fitar da jadawali da wuri. Birnin Seattle a 2017 da jihar Oregon daga baya sun kafa dokar da ke sa manyan kamfanonin shaguna da gidajen abinci su ba ma'aikata jadawali kwana 14 kafin lokaci, su kuma biya ƙari in sun canza shi a ƙurarren lokaci. Dokar ba ta hau kan kamfani irin naki ba, amma dalilinta ya shafe ki: mai aikin awa yana da yara da za a kai makaranta, yana da wani aikin da yake haɗawa da naki, kuma jadawalin da ke zuwa da dare kafin aiki shi ke haifar da makara. Aikinku ma ya fi na shago sauƙin tsarawa, tunda kwantiragi ne, kin san ofisoshin da ranakunsu tun farkon wata. Mako biyu ba zai gagare ki ba. Ki kuma lura da abin da aikin safe da yamma ke jawowa, wato mutum ya tashi ƙarfe goma na dare a sa shi ƙarfe biyar na asuba. Dokar Tarayyar Turai ta 2003 kan lokutan aiki ta ce a ba ma'aikaci hutun awa 11 a jere a kowace rana. Ko ba a can kike ba, ma'auni ne mai kyau, kuma yawancin manhajojin jadawali za su gargaɗe ki in kin saita musu shi. Kafin ki kira wani malalaci, ki duba ko awa nawa kika bar masa tsakanin fita da shiga.

Maganar taswira kuwa, akwai bambanci mai girma tsakanin abu biyu da masu talla ke haɗawa. Ɗaya shi ne manhaja ta duba inda waya take a daidai lokacin da aka danna shiga ko fita, ta tabbatar mutum yana kusa da ofishin, shi ke nan ta rufe ido. Ɗayan shi ne ta riƙa bin wayar tana zana hanyar da mutum ya bi. Na farkon yana amsa tambayar da kike da haƙƙin yi: ya zo wurin aiki ko bai zo ba? Na biyun yana gaya miki asibitin da ya je da gidan da ya biya tsakanin aikin safe da na yamma, a lokacin da ba ki biyansa, a wayar da shi ya saya, da data da cajinsa. Ba ki buƙatar wannan, kuma ranar da kika sani ba za ki iya mayar da shi rashin sani ba. Ki ɗauki na farko ki kashe na biyu, ki kuma nuna musu a allo cewa a kashe yake.

Ko na farkon ma kada ki ɗauke shi kamar ba ya kuskure. A fili ƙarƙashin sarari GPS, wato abin da ke gano inda waya take, yana iya kusantar wuri da 'yan mitoci, amma a cikin gini ko tsakanin dogayen benaye yana iya jefa mutum can wani titi. Shi ya sa ake saka da'irar da ke kewaye da wurin aiki ta kai mita ɗari ko fiye. Ki saita ta yadda in mutum ya faɗa waje za ta karɓi shigarsa ta yi masa alama a duba, kada ta hana shi shiga gaba ɗaya ya tsaya yana fama da waya alhali aiki na jira. Wanda ba shi da babbar waya kuma ba laifinsa ba ne. Ko dai ki ajiye waya ɗaya ta kamfani a hannun jagoran kowace tawaga kowa ya shiga da lambar sirrinsa, ko ki ɗauki nauyin datar da manhajar ke ci. Kayan aiki ne, kamar sabulu da bokiti.

Hoton fuska da zanen yatsa ki bar su tukuna. Kalmar sirri in ta fita ana canza ta, yatsa ba ya canzuwa, shi ya sa dokoki suka fi tsauri a kansu. Jihar Illinois ta Amurka tana da doka tun 2008 da ta hana karɓar irin waɗannan bayanan ba tare da rubutaccen izini ba, kuma kamfanoni da dama sun sha ƙara a kotu a kan agogon shiga aiki mai karanta yatsa. Dokar kare bayanai ta Turai ma ta ware su cikin bayanai masu tsananin kariya, ƙasashe da yawa kuma sun bi sahu da nasu dokokin. A tawagar da kowa ya san kowa, sa wa wani hannu yana tsayawa ne ranar da aka faɗa a fili cewa laifi ne ga mai sawa da wanda aka sa wa, aka kuma ga an hukunta na farkon da aka kama ko ɗan'uwan wane ne.

Dattijon nan ki je ki same shi da kanki, ku biyu, kafin ki sake ambaton manhaja a gaban kowa. Ki tuna abin da ya faru ta fuskarsa. Shi ke riƙe da littafin tun farkon kamfani. Ranar da kika sanar a taro cewa za a kawo na'ura saboda lissafi ba ya daidai, a gaban yaran da yake shugabanta, kin ce littafinsa ne ba daidai ba ko da ba haka kika nufa ba. Akwai kuma abin da nake zargi: in ana sa wa ƙanen mijinki hannu, da wuya a ce dattijon bai sani ba, kuma mai yiwuwa ya yi shiru ne don ya ga ke ma kin yi shiru. Wane ma'aikaci ne zai kai ƙarar ɗan gidan mai kamfani alhali mai kamfanin ba ta nuna tana son ji ba? Ki ce masa, Baba, ya kamata in fara shawara da kai kafin in kai maganar taro. Ki gaya masa bibiyar yini ta fita daga tsarin. Ki miƙa masa shafin ƙa'idojin nan ya gyara, domin ya fi ki sanin wane ofis ne mabuɗinsa ke makara da wace hanya ce ke cin lokaci. Sannan ki ba shi matsayin mai amincewa da awanni a cikin manhajar: duk mako shi zai duba, ya gyara na wanda ya manta, ya tabbatar, kafin ya iso gare ki. In wayar na ba shi wuya, ki zauna da shi ki koya masa a keɓe, kada ki bar yaran su zama malamansa a gaban jama'a. Shi ma zai riƙa danna shiga kamar kowa, ke ma duk ranar da kika je duba aiki ki danna.

Ƙanen mijinki kuma wannan makon za ki yi masa magana, ba sai manhaja ta tara miki hujja ba, hujjar tana hannunki tun da daɗewa. Ki fara sanar da maigidanki abin da za ki faɗa da dalilinsa, cewa kwantiragi na neman suɓucewa, don kada labarin ya iso masa ta wata hanyar da wani launi. Ba izininsa kike nema na tafiyar da kamfaninki ba, kina hana maganar aiki ta zama maganar gida ne. Sannan ki kira yaron a wurin aiki, ki faɗa masa ranakun da kika sani, ki tambaye shi dalili ki kuma saurara da gaske, domin in aikin asuba ne ba ya iyawa ana iya mayar da shi na yamma a huta. Ki gaya masa matakin da zai biyo baya in ya sake, matakin da zai hau kan kowa: gargaɗin baki, gargaɗi a rubuce, sannan abin da yarjejeniyar aikinsa da doka suka ba ki dama. Kada ki ambaci wanda kike zargin yana sa masa hannu tunda zargi ne.

Idan kin zaɓi manhaja, ki yi wata guda ana tafiya da ita da littafin tare, albashin watan kuma a biya da littafi, ki sanar da haka tun farko don kowa ya koya ba tare da tsoron kuskure zai taɓa masa kuɗi ba. Ki fara da ofis ɗaya ko biyu. Ko bayan kin koma kanta gaba ɗaya, ki ajiye takardar sa hannu a jakar kowace tawaga, ki kuma riƙa sauke bayanan duk mako. A watan Disambar 2021 masu kutse sun kai hari kan Kronos, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin wannan harka a duniya, tsarin ya tsaya na makonni, asibitoci da manyan kamfanoni suka koma rubuta awanni da hannu suna ƙiyasta albashi. In ya faru da su, zai iya faruwa da wadda za ki zaɓa. Ki kuma bincika shekara nawa dokar ƙasarki ta ce a adana irin wannan rubutun. A Sifaniya, misali, shekara huɗu ne.

Wanda ya ƙi bayan duk wannan, ki tambaye shi me ya ƙi. In sakawa a wayarsa ce ba ya so, yana da gaskiya, ga wayar kamfani nan. In karatu ne ke ba shi wuya yana jin kunyar faɗa, lambar sirri huɗu da maɓalli ɗaya ba su fi ƙarfin kowa ba in an nuna masa a hankali. In kuwa rubuta lokacin ne kwata-kwata ba ya so, ta kowace hanya, to wannan ƙin bin ƙa'idar aiki ne, sai ki bi da shi ta matakan da kika bi da ƙanen mijinki. Ba na tsammanin za a kai nan da kowa.

Ki shirya wa abu ɗaya tun yanzu. Idan kika ajiye lissafin manhaja kusa da na littafi a ƙarshen watan gwaji, mai yiwuwa ki ga makarar da kike nema, amma za ki kuma ga waɗanda ke wuce lokacinsu da minti ashirin ko talatin kullum ba a taɓa rubuta musu ba, da lokacin hanya tsakanin ofisoshi da ba a taɓa biya ba. Wataƙila ma ki gano cewa wani ofis da kika yi wa farashi a kan awa biyu yana cin awa uku, wanda ke nufin kwantiragin ne ke buƙatar sabon ciniki da masu shi. Inda lissafin ya nuna ana bin ki, ki biya bambancin a albashin watan nan, ki rubuta shi a layinsa daban a takardar albashi yadda mai shi zai gani.